Amsoshin Tambayoyinku: Naɗin Latas da Kaza da Fiya ga Maigida Mai Ciwon Suga

TAMBAYA: Ni matar aure ce a unguwar Gama, a nan Kano. Kwanan baya likita ya tabbatar wa maigidana yana da ciwon suga, ya ce ya rage tuwo da shinkafa da burodi. Tun daga ranar na rasa abin da zan riƙa dafa masa da dare. 'Yata ta nuna mini wani bidiyo a waya, ana zuba naman kaza da dakakkiyar fiya a cikin ganyen latas a naɗe a ci, wai sunansa tako. Shin za a iya haɗa shi da kayan kasuwarmu? Kuma da gaske yana da amfani ga mai suga, ko yayi ne kawai?

AMSA: Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri a kan wannan kulawa. Za a iya haɗa shi, kuma ba sai kin taka wani babban kanti ba. Ganye da kayan miya suna Yankaba, ga ta nan kusa da ku, fiya kuma tana 'Yan Lemo a Na'ibawa da teburan masu kayan marmari na bakin titi. Amfani ma yana da shi. Sai dai lafiyar wannan abinci ta rataya ne a kan abubuwa biyu da irin waɗannan bidiyoyi ba su cika faɗa ba: yadda aka wanke ganyen, da irin maganin da maigida yake sha. Zan zo kansu, kuma ina roƙon kada ki tsallake su.

Tako abincin mutanen Meksiko ne. Suna yin wani falle-fallen gashi da garin masara, su zuba nama da albasa da yaji a tsakiya, su ninke su ci da hannu. Idan kin tuna yadda mai tsire yake buɗe gurasa ya zuba nama da albasa da tumatir, to kin gane shi. Dakakkiyar fiyar da ake haɗawa da shi ita ce gwakamole, kuma tun zamanin Aztek, kafin Turawan Sifen su isa can, mutanen yankin suke cin ta, domin can ne asalin bishiyar fiya. Masu rage sitaci ne suka cire gashin masarar suka sa ganyen latas a madadinsa. Naɗe nama a ganye ma ba su suka fara ba, mutanen Sin da Koriya sun daɗe suna yi. Mu kuma ɗanyen latas ba baƙonmu ba ne, tunda muna kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli.

Amfaninsa ga mai suga lissafi ne mai sauƙi. Sitacin da ke cikin tuwo da shinkafa da burodi, idan ya shiga ciki, narkewa yake ya koma suga ya shiga jini. Giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa yana ɗauke da kusan giram 28 na sitaci, kuma farantin magidanci ya kan kai giram 300, wato sama da giram 80 a zama ɗaya. Giram 100 na latas kuwa bai wuce giram 3 ba. Naman kaza ba shi da sitaci ko kaɗan. Fiya tana da kusan giram 9 a cikin 100, amma wajen 7 daga ciki harza ce da ba ta komawa suga. Idan aka haɗa da ɗan tumatir da albasa, abincin dare gaba ɗaya zai tsaya a wajen giram 15. Ga shi man da ke cikin fiya, kusan giram 15 a cikin 100, yawancinsa irin na man zaitun ne, yana riƙe ciki kuma yana da kyau ga zuciya. Wannan man ne yake sa mutum ya ji ya ci abinci, ba ganye kawai ya tauna ba.

To, mu fara da ganyen, domin a nan ne na fi damuwa. Ke da kike Gama kin san lambunan da ke bakin rafin Getsi da na Jakara. Da rani, ruwan da ke gudana a cikinsu yawancinsa na kwatocin gari ne, Getsi kuma har da wanda ke fitowa daga masana'antun Bompai, kuma da shi manoma da yawa suke ban ruwan latas da alayyahu da kabeji. Ba zargin manoman nake yi ba, neman halaliyarsu suke da ruwan da suka samu. Amma alayyahu ana dafa shi, wuta ta kashe ƙwayoyin cuta, latas kuwa ɗanye ake ci. Ƙwan tsutsar ciki, da ƙwayoyin taifod, da masu sa gudawa duk suna iya maƙalewa a lungunan ganye, kuma mai ciwon suga idan gudawa ta kama shi ya fi kowa saurin galabaita. Saboda haka ki samu mai ganye ɗaya da kika yarda da shi, ki tambaye shi daga ina kayansa suke zuwa, ki fifita na lambun da ake shayarwa da rijiya ko burtsatse ko ruwan dam. Wanki yana cire dattin da ke kan ganye, amma ba ya cire gubar ƙarfe da shuka ta riga ta zuƙa ta saiwa. Idan kina da ɗan fili a tsakar gida, latas yana yi a cikin buhu ko tsohon bokiti, kuma da sanyin hunturu cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu kin fara tsinka.

Wajen wanki, ki cire ganyen waje da suka yi yaushi ki zubar. Sauran ki ɓare su ɗaya bayan ɗaya, kada ki tsoma kan latas ɗungurungum a roba ki ce kin wanke. Kowane ganye ki riƙe shi ki zuba masa ruwa mai tsabta, irin wanda za ki iya sha, kina murza gindinsa da yatsa, wurin da ƙasa take taruwa. Daga nan ki jiƙa su kamar minti 10 a ruwan da kika zuba wa binega, ki sake ɗauraye su. Binega tana rage ƙwayoyin cuta, ba ta ƙarar da su, don haka murzawar nan ita ce babban aikin. Ruwan gishiri da aka saba amfani da shi yana sa ganye ya langaɓe idan ya daɗe a ciki, kuma ba ya kashe abin da ake zaton yana kashewa. Kada ki sa omo ko sabulu. Bayan kin gama, ki zuba su a kwando su tsane, ki goge da tsabtataccen kyalle. Ganye mai ruwa ba ya riƙe haɗi, yana tsinka fiyar ya ɓata ɗanɗano. Idan akwai wuta, ki sa su a firji rabin awa, za su miƙe su yi ƙaras-ƙaras.

Ki zaɓi ganye masu faɗi, kamar tafin hannu ko fiye. Latas ɗinmu na gida mai laushi ne, yana yagewa da wuri, don haka ki riƙa haɗa biyu-biyu.

Sai kaza. Ga mutum huɗu, rabin kilo na tsoka ba ƙashi ya isa. Ƙirji ya fi ƙarancin kitse, amma ni cinya na fi so a wannan girki, domin ba ta bushewa a wuta, kuma idan an cire fatar bambancin ba shi da yawa. Ki yanka ta sirara-sirara, kamar tsawon ɗan yatsa. Ki daka tafarnuwa sala uku da ɗanyar citta, ki zuba masoro kaɗan, da garin barkono daidai yadda maigida yake iya ci, da ruwan lemon tsami ɗaya, da cokali ɗaya na man gyaɗa. Ki cakuɗa da naman, ki rufe ya yi rabin awa. Mutanen Meksiko suna sa kumin, wanda ake samu wurin masu kayan ƙamshi, idan kin samu ki sa rabin ƙaramin cokali, idan babu girki ba zai ɓaci ba. Yajin tsire ma yana yi sosai, har ina ganin maigida zai fi karɓar abincin idan ya ji ɗanɗanon da ya saba. Sai dai yajin kasuwa cike yake da gishiri da dunƙule. Ciwon suga da hawan jini sukan zo tare, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba yake ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin dunƙule. Gara ki daka naki da ƙuli-ƙuli marar suga da citta da barkono da masoro, ki sa gishiri da hannunki.

Ki ɗora kasko ya yi zafi sosai kafin ki zuba naman, kuma kada ki cika shi. Idan kika tula duka a lokaci ɗaya, naman zai fitar da ruwa ya koma dahuwa, ba zai yi ja ba. Ki raba shi biyu. Ki bar shi minti uku ba ki taɓa ba, sai gefen ya yi launin ƙasa-ƙasa, sannan ki juya. Ki tsaga yanki mafi kauri ki duba: ciki ya zama fari har tsakiya, ruwan da ke fita ba ja. Masu ma'aunin zafin nama suna neman digiri 74. Idan kina da gawayi da waya, gashi ya fi daɗi. Duk wannan kazar gidan gona nake nufi. Kazar Hausa tana da tauri, ba ta yi a kasko cikin minti shida. Ita sai ki tafasa ta da albasa da citta har ta yi laushi, ki yayyaga tsokar da hannu, ki ɗan soya ta sama-sama da kayan ƙamshin. Romon ki ajiye, ya sha da zafinsa kafin cin abincin.

Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyar kaza kada su kusanci latas ko tumatir sai an wanke su da sabulu, haka ma hannunki. Abin da ya fi sauƙi shi ne ki gama da ganye da fiya tukuna, ki rufe ki ajiye, sannan ki taɓa nama.

Fiya kuwa sai an iya zaɓe. Ba ta nuna a kan bishiya, sai bayan an tsinke ta, shi ya sa yawancin wadda ke isowa Kano daga kudu da yankin Jos take zuwa da tauri. Wadda kika gani a bidiyo mai yiwuwa irin Hass ce, ƙarama mai kaushin baya, wadda take yin baƙi idan ta nuna. Wani ma'aikacin gidan waya ne a Kalifoniya, Rudolph Hass, ya yi mata rajista a 1935. Tamu babba ce mai santsin baya, kuma da yawa tana nan koriya ko ta nuna, don haka kada ki bi launi. Ki ɗora ta a tafin hannu ki ɗan matsa a hankali. Idan ta ɗan lotsa ba ta lume ba, ta yi. Idan yatsa ya nutse, ta wuce, cikin zai yi baƙi-baƙi da ɗaci. Mai tauri ki sa ta a takarda tare da ayaba, iskar da ayaba take fitarwa tana gaggauta nunarta, cikin kwana biyu ko uku ta yi laushi.

Ki tsaga babba ɗaya ko matsakaita biyu, ki cire ƙwallon, ki kwashe tsokar da cokali. Ki murƙushe ta da cokali mai yatsu, amma kada ki mai da ita sumul, a bar ɗan gudaji-gudaji. Nan take ki matse lemon tsami ɗaya, domin fiya da zarar ta sha iska sai ta fara baƙi, tsamin ne yake jinkirta hakan. Ki zuba albasa rabi yankakkiya ƙanana, da attaruhu ɗaya da kika cire wa 'ya'ya, da tumatir ɗaya wanda kika matse ruwansa, da gishiri ɗan kaɗan. Su can suna sa ganyen koriyanda, ke lawashi ya ishe ki. Tunda fiyarmu ta fi ta Hass ruwa, tumatir ɗin kada ya yi yawa, in ba haka ba haɗin zai tsinke. Kada ki sa bama ko madarar gwangwani ko suga. Na san akwai gidajen da ake shan fiya da madara da suga, wannan ba na maigida ba ne yanzu. Idan ba nan take za a ci ba, ki shimfiɗa leda a kan haɗin ta manne da shi yadda iska ba za ta shiga ba. Barin ƙwallon a ciki, kamar yadda ake cewa, wurin da ya rufe kawai yake karewa.

Wajen kai abinci, kada ki naɗe tun daga kicin, ganyen zai yi laushi kafin ya isa gabansa. Ki jera latas a faranti, kaza da ɗuminta a kwano, fiya a wani kwanon, da yankakken gurji ko kokwamba a gefe. Ya ɗauki ganye, ya shafa cokali ɗaya na fiya, ya ɗora nama, ya ninke gefe da gefe ya kai baki. Huɗu zuwa biyar sukan ishi babba. Ki ajiye ruwan wanke hannu kusa, domin abinci ne mai ɗiga.

Yanzu maganar magani, wadda ta fi duk abin da na faɗa nauyi. Ba ki gaya mini abin da likita ya rubuta masa ba. Idan yana yin allurar insulin, ko yana shan ƙwaya irin glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil, to an auna maganin ne bisa abincin da ya saba ci. Idan ya sha maganin kamar kullum, sannan aka cire masa sitacin dare gaba ɗaya, suga na iya faɗuwa ƙasa sosai cikin dare yana barci. Wannan haɗari ne na gaggawa. Alamominsa rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri, da rikicewar magana. A na'urar gwaji, ƙasa da 70 idan tana ƙirga da mg/dL, ko ƙasa da 3.9 idan da mmol/L take ƙirgawa, suga ya faɗi. Idan haka ta faru yana cikin hayyacinsa, ki dama babban cokali ɗaya na suga a ruwa ya sha, ko rabin kofin lemon kwalba, a sake gwadawa bayan minti 15. Idan ya suma kada ki ɗura masa komai a baki, asibiti kai tsaye. Metformin shi kaɗai bai cika jawo wannan ba. Ko ma wane yake sha, kafin ki canza masa abincin dare ku koma wurin likitan ku gaya masa, ko ku nemi ganin masana abinci, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kuma idan an taɓa ce masa ƙodarsa ta taɓu, abin da ciwon suga yakan jawo idan ya daɗe, ki tambaya kafin ki ba shi fiya, domin tana da sinadarin potasiyam da yawa, wanda ƙoda mai rauni ba ta iya tacewa.

Ki lura kuma likita cewa ya yi a rage, bai ce a daina ba. Ina jin tsoron gidajen da ake ɗaukar zafi a makon farko, a hana mutum komai, ya yi ta fama da yunwa, daga baya ya riƙa tsayawa wurin mai shayi ya ci burodi a ɓoye kafin ya shigo gida. Magidancin da ya wuni a kasuwa ko wurin aiki, idan aka ajiye masa ganye aka ce shi ke nan, zai ga kamar horo ake masa. Saboda haka ki fara da sau biyu a mako. Ki haɗa masa da ludayi ɗaya na dafaffen wake, wanda sitacinsa yake shiga jini a hankali, ko alale ɗaya. Sauran ranaku ya ci tuwonsa, amma malmala ƙarama kamar dunƙulen hannunsa, miyar ganye ta fi tuwon yawa. Kuma ku ci tare, ke da yara. Abinci ne mai kyau ga kowa, kuma mutum ya fi jure canji idan ba shi kaɗai aka ware wa kwano ba. A nan zan ƙara da cewa tuwon alkama da na acca da ake ta yabawa ga masu suga, su ma sitaci ne. Wanda ya ci malmala uku ta alkama sugansa zai hau. Idan kuna da na'urar gwaji a gida, ku gwada kafin cin abinci da kuma awa biyu bayansa, a daren tuwo da daren latas, ku rubuta a littafi ku kai wa likita. Jikin kowa da yadda yake karɓar abinci, kuma wannan littafin zai nuna muku na maigida.

Na san kaza ta yi tsada, ba kowane gida ne zai iya saye sau biyu a mako ba. Awara tana maye gurbinta sosai: waken suya ne, sitacinta kaɗan, tana gina jiki. Ki saya ɗanya wurin masu yi, ki yanka ƙanana, ki gasa a kasko da mai kaɗan maimakon tsoma ta a mai. Dafaffen ƙwai ma yana yi, haka gasasshen kifi da aka cire wa ƙaya. Kina iya haɗa rabin kaza rabin awara, yaji ɗaya ya game su.

Akwai kuma matsalar lokaci, domin latas da fiya ba kullum suke haɗuwa a kasuwa da araha ba. Latas ya fi kyau da yawa da hunturu, idan zafin bazara ya shigo sai ya yi tsawo ya yi ɗaci. Fiya kuma ta fi samuwa daga bazara zuwa damina. Lokacin da latas ya yi wuya, ki ɓare manyan ganyen kabeji ki tsoma su a tafasasshen ruwa minti ɗaya zuwa biyu, ki tsame ki sa a ruwan sanyi. Za su yi laushin naɗi, sun fi latas ƙarfi, kuma zafin ya rage miki damuwar ƙwayoyin cuta. Lokacin da fiya ta ɓace ko ta yi tsada, ki samu kindirmo mai kauri marar suga, ki goga kokwamba ki matse ruwanta ki zuba, da tafarnuwa kaɗan da lemon tsami. Ko ki dama garin ƙuli-ƙuli da ruwa kaɗan da albasa da attaruhu, ya yi kauri yadda zai zauna a ganye. Ragowar kaza ki sa a firji cikin awa biyu da saukewa, kuma idan wuta ba ta tsayawa a layinku, ki dafa daidai wanda za a cinye a daren.